Bishiyar Mako Guda da Ta Durƙusar da Asibiti

Ranar Laraba, 13 ga Nuwamba, 2002, da rana tsaka, ma'aikatan asibitin Beth Israel Deaconess da ke birnin Boston a Amurka suka ga kwamfutocinsu sun fara jan ƙafa. Likita ya nemi sakamakon gwajin jini, allo ya tsaya cak. Nas ta tura odar magani, odar ta ƙi isa ɗakin magani. Wuta ba ta ɗauke ba. Babu ɓarawon intanet da ya kutsa, babu wayar da ta tsinke. Na'urori duk a kunne suke, fitilunsu sai ƙyaftawa suke yi. Saƙo ne kawai ba ya isa inda aka aike shi.

Kada ka ɗauka wani ɗan ƙaramin asibiti ne, mai karatu. Ɗaya ne daga cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Harvard, kuma a lokacin ya yi suna wajen aiki da kwamfuta. Shugaban sashen fasahar sadarwarsu, John Halamka, likitan sashen gaggawa ne. Ya saba da mara lafiyar da aka kawo jina-jina. Wannan karon mara lafiyar ba ya numfashi da huhu, kuma babu wanda ya san inda ciwon yake. Da kai ne a kujerarsa, daga ina za ka fara lalube?

Injiniyoyi suka kama rufe wasu hanyoyi suna buɗe wasu, har dare ya yi abin ya lafa. Kashegari da safe ma'aikata suka zo suka kunna kwamfutoci, komai ya sake durƙushewa. A ranar Alhamis sai da aka rufe sashen gaggawa na kimanin awa huɗu. Kamfanin Cisco, wanda ya ƙera na'urorin, ya turo gwanayensa, aka kwaso sababbin kaya a jirgin sama daga Kalifoniya. Da aka ga abin yana tashi yana faɗuwa, wanda ya fi mutuwa gaba ɗaya haɗari tun da ba ka san odar da ta isa da wadda ta ɓace ba, sai aka yanke hukunci mai ɗaci: a kashe, a koma takarda da biro. Mutane suka dinga gudu tsakanin gine-gine da kwalaben jini da takardun sakamako a hannu. Sai ranar Litinin aka dawo daidai, kuma asibitin ya ce babu mara lafiyar da ya cutu.

Me ya jawo? Wani mai bincike ne ya tura bayanai masu tarin yawa ta cikin hanyar sadarwar. Amma shi allura ce kawai, garmar da ya tono tana can a binne tun shekaru. A cikin rahotannin da jaridu suka buga, sunan wani tsari ya fito, tsarin bishiya, wanda masana ke kira STP. Kuma cikin masu karanta jaridar Boston Globe akwai matar da ta ƙirƙiro shi.

Sunanta Radia Perlman. An haife ta a 1951, ta karanci lissafi a MIT, ta shiga kamfanin Digital Equipment Corporation, wato DEC, a 1980. Aikinta shi ne koya wa na'urori yadda za su zaɓi hanya. Ita ta tsara yadda rautocin DEC, wato na'urorin da ke zaɓa wa saƙo hanya, za su riƙa gaya wa juna wa ke maƙwabtaka da wa, har kowace ta mallaki taswirar hanyoyin baki ɗaya. Wannan aikin ne daga baya ya zama ƙa'idar da ake kira IS-IS. Riƙe wannan suna, mai karatu, zai dawo mana a inda ba ka zata ba.

A wancan zamani duniya ta haukace da Ethernet, wayar nan da Bob Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Xerox a 1973. Waya ce guda, kwamfutoci su rataya a jikinta, kowa ya yi magana kowa ya ji. Tana da iyaka: gutsure ɗaya ba ya wuce mita 500, kuma duk yadda aka jona ta ba ta ɗaukar fiye da na'ura 1,024. Perlman ta sha gaya wa masu rubuta manhaja cewa wannan waya mahaɗa ce kawai tsakanin maƙwabta, kada su gina shirye-shiryensu kai tsaye a kanta, su bar gurbin da rauta za ta iya karantawa don saƙo ya iya tsallakawa zuwa wata wayar. Ba su saurara ba. A ganinsu tana kare sana'arta ne kawai.

Ba a daɗe ba abokan ciniki suka fara kuka: wayarmu ta cika, muna so kwamfutar wannan gini ta yi magana da ta wancan. Rauta ba za ta iya ba, domin saƙonnin ba su ɗauke da abin da take karantawa. Sai aka fito da wata dabara, wani akwati da aka kira gada. Gada takan saurari saƙo a wannan waya, ta ajiye shi, ta sake shi a waccan. Tana koyon inda kowace kwamfuta take daga adireshin mai aikowa. In ba ta san inda mai karɓa yake ba, sai ta watsa saƙon ta kowane baki ban da wanda ya shigo ta cikinsa. Akwatin nan mai bakuna da yawa da kake gani ana soka masa wayoyi a ofis, wanda masu aikin ke kira suwic, jikan wannan gadar ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan aka jona gadoji ta yadda hanya ta zagayo ta dawo inda ta faro, saƙon da aka watsa zai dinga kewaya har abada. Saƙon intanet yana da lambar da ke raguwa a kowane zango, in ta kai sifili a jefar da shi. Saƙon Ethernet ba shi da wannan. Ba ya tsufa, ba ya gajiya. Mafi muni, duk gadar da ya isa mai bakuna da yawa sai ta haifi kwafinsa ta kowane baki. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin ka kifta ido wayoyi sun cika da saƙo guda mai maimaita kansa. Za ka ce a hana mutane jona zagaye. To in waya ɗaya ta lalace, ta ina za a bi, in babu ta ko-ta-kwana? Kuma wa zai hana ma'aikacin da ya gaji soka waya a bakin da bai dace ba?

Yadda Perlman ta sha ba da labarin, ranar wata Juma'a ce shugabanta ya kawo mata matsalar. Yana son dabarar da gadoji za su gano zagaye da kansu su toshe shi, ba tare da mutum ya sa hannu ba, kuma kada ƙwaƙwalwar da gada ke buƙata ta ƙaru komai girman hanyar sadarwar. Ya ɗauka aikin zai ci lokaci. Ya tafi hutun mako guda inda ba za a same shi ba.

Ka tsaya nan, mai karatu. An ba ka aikin da ka yi imani tun asali kuskure ne. Ka yi gargaɗi, an yi biris da kai, yanzu kuma kai aka kawo wa ɓarakar ka ɗinke. Za ka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi? Ko za ka ja ƙafa har su gane da kansu? Ita dai a daren nan ta gano amsar. Litinin da Talata ta rubuta bayanin dalla-dalla. Sauran kwanakin makon, da ba ta da wanda za ta nuna wa, ta zauna ta tsara waƙa a kan dabarar, kuma da ta buga takardar bincikenta a 1985 waƙar ta sa a goshinta. Ta sha faɗa cikin raha cewa waƙar ta fi dabarar cin lokacinta.

Dabarar kuwa ga ta, kuma sauƙinta ne kyanta. Kowace gada tana da lamba. Da an kunna su, kowace sai ta yi shelar cewa ita ce tushe. Duk wadda ta ji lambar da ta fi tata ƙanƙanta sai ta sauka ta yi mubaya'a. A ƙarshe gada guda ta rage, mai mafi ƙanƙantar lamba. Daga nan kowace gada ta zaɓi hanya mafi araha zuwa tushen, ta toshe duk bakin da zai iya kawo zagaye. Abin da ya rage shi ne bishiya: tushe ɗaya, rassa, babu reshen da ya koma ya haɗe da wani. Duk daƙiƙa biyu ana aiko ɗan saƙon cewa ana nan lafiya. In ya daina zuwa, sai a buɗe bakin da aka toshe, a sake lissafi. Wani abin dariya, in ba a saita lambobin da hannu ba, sau da yawa tsohuwar na'urar da ta fi kowa rauni ce ke cin sarautar, domin adireshin tsofaffin kaya yakan fi ƙanƙanta.

Hukumar IEEE ta mayar da shi ƙa'ida a 1990 da lamba 802.1D, bayan ta yi masa 'yan gyare-gyare. Ya bazu ko'ina, saboda ba ya buƙatar ilimi: ka soka waya, ya yi aiki. Perlman ta ɗauka faci ne na ɗan lokaci, kafin mutane su gyara manhajojinsu su koma wa rauta. Ta juya ga wasu ayyuka, ta koma Novell, daga nan Sun Microsystems. Facin kuwa ya zauna daram, ana ta ɗora masa benaye.

Yana da aibu uku. Na farko ɓarna ce. Ka ɗauka gari ne da aka toshe duk lungunansa, aka ce duk mai zuwa ko'ina sai ya bi titin da ya nufi ƙofar fada. Gidan maƙwabcinka yana bayan katangarka, amma sai ka je tsakiyar gari ka dawo, ga lungun da ya haɗa ku a toshe. Haka kamfani zai sayi waya mai tsada ta kwanta ba ta ɗaukar komai, alhali wadda ke kusa da tushe tana nishi. Na biyu jinkiri: in hanya ta yanke, tsohon tsarin yakan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya farfaɗo, ko da yake gyaran da aka yi a 2001 ya rage wannan sosai.

Na uku shi ne mai kisa, kuma a nan ya kamata a daɗe. Rauta in ta daina jin maƙwabciyarta, takan daina tura mata kaya. Gada kuwa in ta daina jin saƙon lafiya, sai ta ɗauka hanyar can ta mutu, ta buɗe bakin da ta toshe. To idan ba mutuwa hanyar ta yi ba fa? Idan cunkoso ne ya hana ɗan saƙon isowa? Ke nan gada ta buɗe zagaye da hannunta a daidai lokacin da wayoyi suka fi cika. Zagaye ya ƙara cunkoso, cunkoso ya haɗiye wasu saƙonnin lafiya, wasu gadojin su ma su buɗe. Maganin da kansa ke hura wutar cutar.

Lokutan jiran da aka saita a ƙa'idar an lissafa su ne bisa cewa saƙo ba zai ratsa fiye da gada bakwai ba. Asibitin Boston kuwa haɗaka ce: Beth Israel da Deaconess sun haɗe a 1996, aka yi ta jona gini da gini, suwic a kan suwic, kowa ya zo ya ƙara nasa. Da gwanayen suka bi waya ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar sashen hotunan marasa lafiya yana zango goma daga cibiya. Babu wanda ya yi mugunta. Kowane ƙari a ranar da aka yi shi daidai ne. Jimillar ce ba wanda ya zauna ya duba.

A nan dole a yaba wa Halamka. Da wani ne, da ya ce 'yar tangarɗa ce aka samu, an gyara, a wuce wurin. Shi ya fito ya ba 'yan jarida labarin tiryan-tiryan, ya yarda cewa an mayar da hankali ga manhajoji an bar wayoyin da ke ɗauke da su. Har mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta yi sharhi a kan lamarin a 2003. Kai fa, mai karatu, da za ka tona asirin sashenka don wani asibitin da ba ka sani ba ya tsira?

Perlman ta karanta labarin asibitin a jarida, ta ga inda facinta ya kai. Ba ta tsaya cewa ai na faɗa muku ba. Ta zauna ta nemi yadda gada za ta yi tunani irin na rauta, amma ta riƙe sauƙin nan na soka waya ta yi aiki. A 2004 ta gabatar da tsarin. Ta fara kai shi kwamitin IEEE 802.1, masu kula da gadoji, ba su karɓa ba. Sai ta nufi IETF, masu tsara ƙa'idojin intanet, aka kafa kwamitin aiki a 2005 da sunan TRILL. Ana haka sai ga IEEE ta buɗe nata aikin a kan matsala guda, mai lamba 802.1aq, gada ta hanya mafi kusa, wato SPB. Waɗanda suka ce babu buƙata sun shigo fili da nasu dokin.

To, da wace dabara kake jin ɓangarorin biyu suka maye gurbin bishiyar? Da IS-IS. Aikin da matar ta yi tun kafin bishiyar, wanda ta yi ta roƙon a yi amfani da irinsa aka ƙi. Dalilin zaɓensa a fili yake: yana gudana kai tsaye a kan waya ba tare da buƙatar adireshin intanet ba, kuma an gina shi ta yadda za a iya ƙara masa sababbin bayanai ba tare da an rushe shi ba. Shekara ashirin aka yi ana zagaye, aka dawo bakin ƙofarta.

A SPB kowace gada tana sanar da sauran su wa ke jone da ita da tsadar kowace hanya. Kowa ya samu taswira iri ɗaya. Sai kowace ta yi lissafin hanya mafi kusa da dabarar Edsger Dijkstra, masanin Holan da ya buga ta a 1959. Maimakon bishiya guda mai tushe guda, kowace gada ta zama tushen tata bishiyar. Babu wayar da ke kwance a banza. Masu tsara shi sun dage a kan abu ɗaya: hanyar da saƙo ya bi ya tafi, ita amsarsa za ta bi ta dawo, kuma saƙon mutum ɗaya da na jama'a duk turba guda za su bi. Wannan ya sa in an samu matsala injiniya ya san daidai inda zai duba. In hanyoyi biyu suka yi kunnen doki, akwai ƙa'idojin raba gardama har 16, kowace tana fitar da turba dabam, sai a rarraba kaya a kansu. Zagaye kuwa ana tare shi tun a bakin shiga: gada ba ta karɓar saƙo sai in ya shigo ta bakin da taswira ta ce daga nan ya kamata saƙon wancan mai aikowa ya fito.

Akwai kuma ƙarin riba. Tsohon tsari yana iya raba hanyar sadarwa gida 4,094 ne kawai. Nau'in SPB da ke sanya saƙon Ethernet cikin wani ambulan na Ethernet yana da lambar hidima da ta kai sama da miliyan 16.

Bambancinsa da TRILL ya zama abin faɗa. TRILL ya ƙara wa saƙo sabon kai mai ɗauke da ƙirgen zango, abin nan da Ethernet ta rasa tun farko, don ko an samu zagaye saƙon ya mutu da kansa. Amma sabon kai yana nufin sababbin na'urori. Mutanen SPB suka ce nasu zai hau kan kayan da ake da su, kuma kayan binciken matsala na Ethernet za su ci gaba da aiki. A Oktoban 2010, a taron masu gudanar da hanyoyin sadarwa na Arewacin Amurka, NANOG, har muhawara aka shirya a bainar jama'a tsakanin Donald Eastlake na TRILL da Peter Ashwood-Smith na SPB. TRILL ya fito a Yulin 2011 a takardar IETF mai lamba RFC 6325. IEEE ta amince da 802.1aq a Maris ɗin 2012. Abin mamaki, ƙarin da SPB ke buƙata a jikin IS-IS sai da aka je IETF ɗin aka buga shi, RFC 6329. Lamba huɗu ce tsakanin takardun abokan hamayyar.

Yanzu sa kanka a matsayin mai sayen kaya, da kuɗin kamfani a hannunka. Ƙa'idoji biyu, ba sa jin yaren juna. Avaya da Alcatel-Lucent sun bi SPB. Cisco ta fito da nata mai kama da TRILL, FabricPath, Brocade ma ta yi nata, kuma babu wanda ke aiki da na wani. Wanne za ka saya? Da yawa suka rungume hannu suna jira.

SPB ya samu ranarsa. A gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Sochi ta Rasha a 2014, a kansa Avaya ta gina hanyar sadarwar wasannin, mai ƙarfin ɗaukar terabit 54 a daƙiƙa guda. A shekarar ce kuma aka shigar da shi cikin babbar ƙa'idar 802.1Q. Amma a manyan rumbunan bayanai, inda kuɗin yake, kura ce da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wata dabara dabam, VXLAN, wadda ita ma aka buga a 2014, ta ce a gina ƙasan duka da rautoci, a ɗora Ethernet a sama kamar fasinja. Can kasuwa ta karkata. Ka lura da abin da hakan ke nufi: rauta a ƙasa, ainihin abin da Perlman ta faɗa tun farkon shekarun 1980.

A 2017 Extreme Networks ta sayi sashen sadarwa na Avaya, kuma har yanzu tana sayar da SPB ga jami'o'i da manyan ma'aikatu. Kwamitin TRILL ya rufe aikinsa a 2018. Bishiyar fa? Yawancin suwic ɗin ofis da za ka ciro daga kwali a yau da sabon nau'inta suke zuwa, a shirye ta fara aiki.

An shigar da Perlman zauren girmamawa na gwarazan intanet a 2014, da na masu ƙirƙira na Amurka a 2016. Ta rubuta littattafan da ake koyar da injiniyoyi da su, tana da haƙƙin ƙirƙira sama da 100. Duk da haka, kusan duk inda za a gabatar da ita, da aikin makon nan guda ake farawa, sannan a ɗora mata kirarin uwar intanet. Da kai ne, mai karatu, za ka gyara wa mai gabatarwa, ko za ka karɓi tafin ka zauna? Ita takan ce ba ta son kirarin, domin babu mutum ɗaya da ya ƙirƙiro intanet, sannan ta hau bayyana wa masu sauraro dalilin da ya sa tun farko bai kamata a buƙaci bishiyar ba.